Shekara Shida Babu Rahoto

Ranar da matar ofis za ta zo duba littafin kwamitin tsaro, Mai Kwafi ta kashe injinta tun ƙarfe goma na safe, ta share shago har ƙarƙashin tebur, ta aro kujerar roba mai hannu a wajen mai wanki da guga da ke jikin shagonta. Ita ce sakatariyar kwamitin tun ranar da aka kafa shi, yau shekara shida. Ba wai ta fi kowa boko ba ne. Ita ce dai mai injin buga takarda a layin, duk mai son a rubuta masa wasiƙa ko a yi masa kwafin katin shaida wurinta yake zuwa. Sunanta na yanka ma ya ɓace, yaro da babba Mai Kwafi suke ce mata, har mijinta in tsokana ta motsa masa haka yake kiranta.

Tsarin kwamitin ba shi da wuyar ganewa. Shekarar da aka fasa shaguna huɗu a mako guda, mutanen layin suka taru suka yanke cewa kowane gida zai riƙa ba da wani abu duk wata, kowane shago ya ba da ninkin na gida. Da suka kai maganar ofishin hukumar gari, aka ce musu ai akwai asusun da aka ware wa irin wannan haɗin gwiwar. Duk abin da unguwa ta tara, ofis zai ɗora ninki biyu a kai, amma sai an kafa kwamiti, an sa ɗan sanda ɗaya a ciki, an kuma ajiye littafin rahoto da za a riƙa rubuta duk abin da ya faru. Da wannan kuɗin ake biyan masu gadi uku, biyu na dare, ɗaya na rana, a saya musu batirin tocila da rigar ruwa. Alhaji mai katako ne shugaba, mai kantin magani ne ma'aji. Ɗan sandan kuwa yakan leƙo taron wata-wata, ya sha lemo mai sanyi, ya ce a ci gaba da haɗa kai, ya hau babur ɗinsa ya ƙara gaba.

Mai gadin rana shi ne Baba Mai Usur, aminin marigayi mahaifinta. Tare suka yi aiki a masaƙa shekara ashirin kafin a rufe ta, kuma ita Mai Kwafi da bakinta ta kawo sunansa a taron farko. Ya haura sittin da biyar, amma daga wannan bakin layin zuwa wancan sai ya taka sau goma sha kafin la'asar. Ya san gidan da mata da miji duk suke fita aiki, ya san wanda ya yi tafiya, ya san babur ɗin da ba na layin ba ne. Albashin nan shi ne cinsa da shansa, shi da matarsa da jikoki biyu da ɗansa ya rasu ya bar masa.

To, ga yadda aikin yake tafiya. In Baba ya kama mutum, shagon Mai Kwafi yake kawo shi, tunda nan littafin yake. Kuma sau tara cikin goma, ɓarawon ɗan layin ne. Na farko da aka kawo ɗan wata bazawara ce mai sayar da ƙanƙara, ya zare wayar mai kantin magani daga caji. Mai Kwafi ta buɗe littafi, ta cire murfin biro, ta rubuta kwanan wata a zuciyarta kafin ta sa a takarda, sai ga uwar ta faɗo shagon ko takalmi babu.

"Don girman Allah, 'yar nan, kar ki sa sunansa. In ya shiga littafin hukuma ya shiga ke nan. Maraya ne, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki."

Mai Kwafi ta dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Aka mayar da waya, Alhaji ya zo ya yi wa yaron faɗa har ya yi kuka, mai kantin magani ya ce ya yafe. Ta mayar da murfin biro, ta rufe littafi. Ranar ta kwana da farin ciki, tana jin ta yi abin da mahaifinta zai yi da yana raye.

Daga nan abin ya zama hanya. An sace dutsen guga, an dawo da shi, ba a rubuta ba. An tsallaka katanga an kwashe shanya, ba a rubuta ba. Wani ya rufe matarsa da duka har Baba ya ɓalle ƙofa ya raba, matar da kanta ta zo da kumburarren ido ta ce kar a rubuta. Duk taron wata, in aka zo kan rahoton sakatariya, sai ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Wannan watan ma babu rahoto." A tafa, Alhaji ya ce alhamdulillahi, ɗan sanda ya gyaɗa kai yana tsotsar lemonsa. Kowa a ɗakin ya san ƙarya ce, kuma kowa yana jin daɗinta.

Matar ofis ta iso wajen sha ɗaya, doguwa ce mai tabarau, da jaka cike da fayil. Ta ƙi lemon da aka ba ta, ta ce ruwa ya isa. Ta duba takardun taro, ta duba na ma'aji, ta ce babu laifi. Sannan ta ce a ba ta littafin rahoto. Mai Kwafi ta miƙa shi da hannu biyu, har da goge bangon da gefen mayafi.

Matar ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, ta kama littafin ta karkaɗa shafukan da babban yatsa har ƙarshe.

"Wannan sabo ne? Ina tsohon?"

"Shi ke nan, ranki ya daɗe. Tun farko shi ne."

"Shekara shida?"

Alhaji ya gyara zama, ya karɓe maganar. "Shekara shida cur, Hajiya! Ko tsinke ba a taɓa ɗauka a layin nan ba. Ki bar motarki a buɗe ki tafi, ki dawo ki same ta. Mu nan tsaye muke."

Matar ta cire tabarau ta murza idonta. Ba ta yi kama da muguwa ba, ta fi kama da wadda ta gaji.

"To, Alhaji, Allah ya ƙara muku zaman lafiya. Amma bari in faɗa muku gaskiya tun yanzu. Bana an rage asusun, ba zai ishi kowa ba. An ce a bi buƙata, kuma littafi ne ke nuna buƙata. Unguwar bayan tasha rahoto casa'in da ɗaya suka kawo a shekara guda. Ku kun kawo mini farar takarda. Wa kuke so in ce a ba?"

Mai Kwafi ta juya ta dubi waje. Ta ƙofar shago tana hango Baba can bakin titi, ya ɗaga hannu ya tsayar da wata motar kaya don wata tsohuwa ta tsallaka.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "abubuwa sun faru. Da yawa ma. Ni ce ban rubuta ba."

Alhaji ya watsa mata harara, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ba da labarin yadda suke yi, tun daga ɗan mai ƙanƙara. Matar ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Na gane," ta ce. "Ba ku kaɗai ba ne, amma ku kun fi kowa ƙwarewa. Ga abin da zan iya. Kwana goma ya rage in miƙa fayil. Ki rubuta kowane abu da kwanan watansa, wanda aka yi wa ya sa hannu ya sa lambar wayarsa, ɗan sandanku ya buga hatimi. Ban ce lallai ki sa sunan wanda ya yi ba. In kika kawo mini ko ashirin ne, zan tsaya muku."

Tana fita Alhaji ya juyo. "Ke kuwa me ya kai ki? Gaban baƙuwa za ki tsinka mu?"

"Alhaji, in kuɗin ofis ya tsaya, da me za mu biya mutum uku?"

"Allah zai kawo," ya ce, ya ɗauki makullin motarsa.

A yinin nan ba ta karɓi aikin kowa ba. Ta zauna da farar takarda tana tuno abubuwa, tana lissafa su da haihuwa da rasuwa: wannan ya faru watan da ta haifi autarta, wancan satin da aka yi wa titi kwalta. Da mijinta ya dawo daga tuƙi ya tuna mata wasu biyar. Suka tashi da arba'in da uku, kuma a cikin arba'in da ukun nan, talatin da takwas Baba ne ya kama ko ya hana. Ta buga kowanne a takardarsa, ta bar wurin sa hannu a ƙasa. Baba kuwa ba ta ce masa komai ba. Ta ce a ranta gara ta gyara abin tukuna, kar ta ɗaga wa tsoho hankali a banza.

Ta fara da mai wanki da guga, tunda bango ɗaya ya raba su kuma kullum sai sun yi raha. Ya ajiye dutsen guga, ya karanta takardar da bakinsa yana motsi, ya miƙo mata.

"Anti, ki yi mini rai. Wanda ya ɗauki dutsen nan ɗan mai gidan da nake haya ne. In ɗan sanda ya buga hatimi, gobe ya bugo waya ya ce wa ya ɗauka, in ce wa?"

"An ce ba sai an sa suna ba."

"Haka suke cewa. Ni dai ina da yara huɗu a ɗaki ɗaya, ban shirya kwashe kaya ba."

Mai kantin magani ya yi dariya ya ce wace waya, ai shi ya manta an taɓa ɗaukar masa waya, kuma abin da mutum ya yafe ba ya komawa ya tono. Matar da aka yi wa duka ta tare ta tun a ƙofar gida, ta ce maigidan yana ciki, kuma yanzu lafiya lau suke, don Allah ta tafi. Wani malamin makaranta da aka kwashe wa shanya ya ce ta bar takardar zai duba, washegari ya aiko 'yarsa da ita a ninke, babu ko ɗigon biro.

Kai, mutum! Waɗannan fa su ne masu zuwa shagonta suna rantsuwa cewa ba za su taɓa manta alherinta ba. Yanzu in sun hango ta da fayil a hammata sai su tuna suna da wanki a bayan gida. Haushi ya cika ta har wuya, amma in ta zauna ta yi tunani sai haushin ya juyo kanta. Ita ta koya musu cewa littafin nan abin tsoro ne. Shekara shida tana rufe shi a gabansu kamar mai rufe rijiya don kar yaro ya faɗa, yau kuma ta zo tana ce musu su leƙa, ba komai a ciki.

Kwana na shida ta je gidan mai ƙanƙara. Ba ita ce za ta sa hannu ba, amma Mai Kwafi ta yi tunanin in uwar ta je da kanta ta ce wa mai kantin magani ta amince, zai sa. Ta same ta a tsakar gida tana jera ƙullin ƙanƙara a kula. Matar ta rungume ta, ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗauko waya ta nuna mata hoton jikarta. Yaron nan da aka kama yanzu yana aiki a wani kamfanin siminti, ya yi aure bara.

Da Mai Kwafi ta faɗi abin da ya kawo ta, fuskar matar ta sauya.

"'Yar nan, ke da kika rufa mana asiri lokacin da yake ba kowa ba, yanzu da ya zama mutum za ki buɗe? Surukansa ba su san komai ba."

"Inna, ba sunansa a ciki. Baba ne zai rasa aikinsa."

"Wayyo, bawan Allah. Wallahi da ba don shi da ke ba, da yaron nan ya lalace." Ta share ido da bakin zane. "Allah ya buɗa masa wata hanyar. Amma ni ba zan iya ba."

Ta cika mata leda da ƙanƙara ta ce a kai wa yara. Mai Kwafi ta karɓa don ta rasa yadda za ta ƙi, ta taho da ita tana ɗiga a gefen zanenta har gida.

Alhaji ta bari a ƙarshe, don shi rahoto uku ne nasa, kuma duk ukun ɗan ƙanensa ne ya lodi katako da rana tsaka ya kai wa wani kafinta. Ta same shi a rumfar katako, ƙarar injin yanka ta cika wurin, sai da ya sa aka kashe.

"In sa hannu cewa an yi mini sata a layin da nake shugabanta? Sau uku?"

"Alhaji, kai ne babba. In ka sa, wasu za su sa."

"Ke yarinya ce har yanzu. Mutunci ya fi kuɗin ofis. Su riƙe abinsu."

"Mutuncin wa, Alhaji? Baba fa?"

Ya kaɗe garin katako daga hannun rigarsa, ya ce wa yaransa su tayar da inji.

A rana ta goma ta hau mota ta je ofis da takarda uku. Ɗaya ta wani baƙo ce da ya zare fitilar babur, ɗaya ta tukunyar gas da ta kama wuta Baba ya kashe, ɗaya ta mijinta ce, wanda aka taɓa zuƙe wa mai a mota. Matar ofis ta jera su a kan tebur ta dube su, ta dubi Mai Kwafi.

"Uku a shekara shida. 'Yar'uwa, in na kai wannan, ni da kaina na tabbatar musu kuna zaune lafiya."

"Ga sauran arba'in, ba sa hannu ne kawai."

"Na yarda da ke, wallahi na yarda. Amma ba ni ke yankewa ba, kuma su takarda suke gani." Ta haɗa takardun ta miƙo mata. "Ku fara rubutawa daga yau. Baɗi a sake dubawa."

Baɗi! Mai Kwafi ta fito ta tsaya a barandar ofis, ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka.

Taron da ya biyo baya an yi shi a rumfar Alhaji ranar Asabar da hantsi. Ma'aji ya ce abin da gidaje da shaguna ke bayarwa, in aka matse, aka daina sayen rigar ruwa, aka rage albashi, zai riƙe mutum biyu. Uku kam babu hali. Wani ya ce a ƙara kuɗin wata, aka yi masa caa, kowa na faɗin tsadar rayuwa. Sai wakilin masu shaguna ya ce ai maganar a fili take, dare ake tsoro, da rana kowa idonsa biyu.

Mai Kwafi ta ajiye biro ta miƙe. "Da rana ake yi mana sata. Duk wanda ke zaune a nan ya sani. Talatin da takwas Baba ya kama, duk da rana."

"Ina aka rubuta?" in ji wakilin masu shaguna.

Ba da mugunta ya faɗa ba, tambaya ce kawai, amma ta zauna mata a ƙirji. Ta koma ta zauna. Aka ɗaga hannu, biyar suka ce na dare su ci gaba, a sallami Baba. Ɗan sanda ya ce shi ba ya ƙuri'a, amma yana ba da shawarar a ci gaba da haɗa kai. Alhaji ya ce sakatariya ta buga takardar sallama, a sa godiya mai yawa a ciki, a kuma ba Baba albashin wata ɗaya kyauta. Ita ta rubuta duk wannan a takardar taro, da hannunta mai kyau.

Ba ta yarda ta ba shi a titi ba. Ta bari sai Lahadi da la'asar ta je gidansa, ɗaki biyu a bayan wani gidan haya, da ɗan fili inda matarsa ke ɗaure akuya. Ta same shi a kan benci yana ɗinke takalmin jikarsa da zare da basilla. Matarsa ta kawo ruwa, ta tambayi yara, ta koma ciki ta saki labule.

"Kin zo da takardar?" ya ce, bai ɗago ba.

"Baba, ka sani?"

"'Yata, ni fa mai gadi ne. Kwana goma kina yawo da fayil gida-gida, kina tsammani ban gani ba?" Ya ciji zaren ya tsinke. "Karanta mini, idon ya yi rauni."

Ta karanta. Da ta gama karanta wajen godiya ta ninke takardar, ta ajiye a kan benci.

"Baba, ni na jawo maka. Da na rubuta tun ranar farko, da ba a zo nan ba. Ka yafe mini."

"Ke kika rufe littafi, ni kuma ina tsaye ban ce ki buɗe ba. In laifi ne, namu ne mu biyu." Ya juya takalmin yana duba ɗinkin. "Yaran nan da yawansu sun zama mutane. Ban yi da-na-sani ba."

Ita kam ta yi, kuma maganarsa ba ta rage mata komai ba.

"Abu ɗaya nake so," ya ce. "Akwai wani sito na kayan gini a hanyar fita gari, an ce suna neman mai gadin rana. Ki buga mini takardar shaida, da hatimin kwamiti. Ki rubuta cewa shekara shida ina gadin layin nan, ba a taɓa samun rahoton komai ba."

"A'a, Baba. Bari in rubuta gaskiya. In ce ka kama mutum talatin da takwas, ka kashe gobara, ka—"

"In suka ce su waye talatin da takwas ɗin fa? In suka bugo wa Alhaji waya ya ce shi bai san zancen ba? Na zama maƙaryaci da furfurata." Ya girgiza kai. "Kuma wace shaida ta fi wannan? Mai gadin da ba a taɓa yin sata a hannunsa ba. Rubuta yadda na ce."

Ta yi magiya, ya kafe. Washegari ta buga masa yadda ya ce, Alhaji ya sa hannu da murna, har yana cewa wannan takarda ko banki aka kai sai sun ɗauke shi. Baba ya sa ta a leda, ya ninke ledar ya sa a aljihun gaba.

Kwana tara ba ta gan shi ba. A rana ta goma da azahar tana cikin yi wa wani ɗalibi kwafi sai ga shi a ƙofar shago, cikin kaftani mai guga da hula, ba rigar gadi ba. Ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙura, da alama a ƙasa ya tako daga inda mota ta sauke shi. Ta sallami ɗalibin da sauri, ta jawo masa kujera, ta ba shi ruwa. Ya shanye, ya riƙe kofin a cinya.

"Yaya, Baba? An dace?"

"Na ga manajan. Yaro ne mai ladabi, har ya ba ni wurin zama." Ya zaro ledar daga aljihu, ya warware, ya ɗora takardar a kan injinta. "Ya karanta sau biyu. Ya ce, Baba, wurin nan ɓarayi sun dame mu, muna son wanda ya saba da su. Kai kuwa ga shi an rubuta ko ɓarawo ba ka taɓa gani ba."

Mai Kwafi ta ji hawaye ya zubo mata, ba ta ko share ba. Ta jawo kujerarta gaban inji.

"Yanzun nan zan buga wata. Zan sa komai, ni zan sa hannu, in sun bugo waya ni zan amsa. Gobe da safe ni da kaina zan raka ka."

"Bar shi, 'yata," ya ce. "Sun ɗauki wani daga bayan tasha. Tun ina zaune ya zo da takardarsa, shafi uku."

Ya miƙa mata kofin, ya dafa gwiwa ya tashi, ya ce ta gaida maigidan da yara.